Hukuncin soja ya toshe kunne saboda ƙarar bindiga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni soja ne a Borno, ina kan babbar bindiga, yanzu kunnena na hagu ya yi nauyi kuma kullum ina jin wani shuuu a ciki ko ba harbi. Likita ya ce in rinƙa sa abin toshe kunne amma abokan aiki suna cewa wai tsoro ne da rashin tawakkali. Ya hukuncin yake? Sannan in liman na karatu a bayyane ba na ji, in karanta nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya ya tsare ku.

Maganar abokan nan naka ba ta da tushe, Annabi (SAW) da kansa ya sa sulke biyu ranar Uhudu kuma ba wanda ya kai shi tawakkali, Allah kuma ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka, Baƙara aya ta 195. Ji ba ƙaramin abu ba ne a shari'a, ai wanda ya kurmantar da wani gaba ɗaya diyya cikakkiya malamai suka ɗora masa, daidai da ta rai.

Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) in an daɗe a cikinta tana cutarwa, harbin bindiga kuwa yana wuce 140, kuma 'yan ƙwayoyin cikin kunne da ke ɗaukar sauti in sun mutu ba sa dawowa. Tunda cutar ta tabbata kuma likita ya faɗa maka, to a wajen atisaye da lokacin harba manyan bindigogi sa abin toshe kunnen wajibi ne a kanka. In kuwa ana sintiri ne ko kwanton ɓauna inda rashin jin motsi ko umarnin kwamanda zai iya jawo asarar rai, sai a ɗauki mafi sauƙin cutarwar biyu, ko ka nemi irin wanda ke tare ƙara amma yana barin magana ta shiga, akwai shi.

Abin da na fi ji maka shi ne ɓoyewa. Kar ka ɓoye wa shugabanninka matsalar kunnen don gudun a canja maka wurin aiki, rayukan 'yan'uwanka na rataye da jinka, ɓoyewar ha'inci ce. Su ma shugabannin haƙƙi ne a kansu su samar muku da kayan kariya da magani.

Salla kuwa, a mazhabar Malikiyya ka yi shiru a ta bayyane ko ba ka ji, karatun liman ya isar maka. Wallahu a'alam.