Yini Ɗaya a Tsohon Garin Zanzibar

Ka tambaya ko yini ɗaya zai ishe ka ka zagaya wuraren tarihi na Stone Town, tsohon garin Zanzibar. Zai isa, muddin ka fita da sassafe kuma ka yarda ka tafi a ƙafa, domin yawancin lungunan garin mota ba ta shiga su. Ka fara da cocin Angilikan da aka fara ginawa a 1873 a kan filin tsohuwar kasuwar bayi, shekarar da aka rufe kasuwar bisa matsin lambar Ingila, ka sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake cewa a cikinsu aka riƙa tsare bayi, inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye sosai. Daga nan ka gangara bakin teku zuwa Ngome Kongwe, ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal.

Sharaɗin da zan gindaya maka shi ne kada ka ɗora shirinka kan shiga Beit al-Ajaib, fadar da Sarkin Zanzibar Barghash ya gina a 1883, domin wani sashenta ya rushe a Disambar 2020, kuma lokacin da na je daga waje kawai na gan ta. Ni da kaina ƙofofin gidaje ne suka cinye mini lokaci, manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyin Alƙur'ani a samansu. Ka ware musu awa biyu kafin la'asar.