Fistol a aljihu: amsa ga ɗan kasuwar da ke neman ƙaramar bindiga don kare kai

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina saye a kasuwannin ƙauye ina kawowa Dawanau. Mun rabu da abokin cinikina a kan wasu kuɗi, kuma tun daga nan yake turo min saƙo cewa zan gani a ƙwaryar shana. Ga kuma halin da hanyoyi suke ciki. Wani ya ce zai samo min ƙaramar fistol da takardunta, wadda za ta shige aljihu ba wanda zai lura. Ya ambaci Glock 19 da wata da ta fi ta ƙanƙanta, P365. Wacce ta fi dacewa da ni, kuma a ina zan yi rajistarta? Na san tsarin mulki ya ba ni damar kare kaina.

Amsa: Alhaji, Allah Ya tsare. Fargabarka tana da dalili, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Amma ba zan zaɓa maka tsakanin bindigogin nan biyu ba, domin a dokar Najeriya, kamar yadda take a rubuce, ko wacce ka ɗauka daga cikinsu za ta iya kai ka gidan yari. Abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya bisa abin da ka rubuto. Ban ga saƙonnin ba, ban kuma ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba.

Ina kyautata zaton wannan magana ta wacce ta fi shiga aljihu daga bidiyoyin Amurka ta iso kunnenka. A can tambayar tana da ma'ana, domin gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu ya ambaci riƙe makami, kuma Kotun Ƙolinsu ta yanke a 2008 cewa haƙƙi ne na ɗaiɗaikun mutane, sannan a 2022 ta ce ya haɗa da fita da bindiga waje. Kundinmu na 1999 ba shi da makamancin wannan sashe ko kaɗan. Abin da yake da shi shi ne sashe na 33, wanda ya ce ba za a ɗauka an tauye wa mutum haƙƙin rayuwa ba idan ya mutu sakamakon ƙarfin da doka ta halatta, gwargwadon buƙata, wajen kare wani daga farmaki ko kare dukiya. Wannan sashe yana magana ne a kan abin da ka aikata a lokacin da aka afka maka. Bai ba ka izinin mallakar kowane irin makami ba. A nan ne mafi yawan mutane suke haɗa abubuwa biyu da doka ta raba.

Mallakar bindiga tana ƙarƙashin Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita. Ta raba bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne na haramtattu, inda aka jera mashinga da gurneti da bindigogin soja, kuma a cikin jerin nan ɗin aka rubuta fistol da libarba, kowace iri ce. Sashe na 3 ya ce ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma shi ke da ikon ya bayar ko ya hana. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da wasu bindigogin wasan harbi da na iska, kuma lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku shi ne bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda take ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Ko a bindigar farauta ma, dokar ta cire masu sarrafa kansu da masu na'urar ɗura harsashi daga kashi na biyu, don haka wanda yake da irin wadda ake ja wa hannu ta ɗura wani harsashi ya kamata lauya ya duba masa takardarsa da kyau.

To ka ga inda maganar mutumin naka ta tsaya. Idan ya ce zai kawo maka fistol da takardunta, ka tambaye shi sa hannun wa ke kan takardar. DPO ba shi da ikon ba da lasisin fistol, Kwamishina ba shi da shi, ƙungiyar mafarauta ko ta 'yan sintiri ba ta da shi, kuma katin shaidar zama mamba a wata ƙungiya ba lasisi ba ne ko da an buga masa hatimi goma. Ba zan yanke cewa mutumin macuci ne ba tunda ban san shi ba, amma na kasa gane yadda mai nufinka da alheri zai miƙa maka abin da sashe na 27 na dokar ya tanadar wa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ranar da aka zazzage jakarka a shingen bincike, a hannunka za a sami bindigar, shi kuwa da wuya ya ɗaga waya. Harsashi ma laifinsa daban ne. Idan kuma ta kan iyaka aka shigo da ita, an ƙara maka wata tuhumar. Wani abin da ba a cika tunawa da shi ba: ba ka san hannun da ta bi ba kafin ta zo naka. Idan bincike ya danganta ta da wani fashi ko kisa, kai za a fara tambaya.

Wataƙila za ka ce ai gwamnoni da kansu sun ce jama'a su nemi makami. Gaskiya ne Aminu Masari ya yi irin wannan kira a Katsina a 2021, kuma a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta buƙaci mutane su nemi lasisi su kare kansu. Sai dai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko, kuma a fahimtata doka tana tare da shi, domin makamai da harsasai suna cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai take yi wa doka. Jawabin gwamna ba hujja ba ce da za ka gabatar wa alƙali.

Saura bindigar farauta. A rubuce, hanyar sananniya ce: takardar nema ta ofishin Kwamishina, bincike a kan halinka da lafiyarka, sannan a miƙa sama. Dokar ta hana bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka san shi da shaye-shaye, da wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ko ka tsallake duk waɗannan, dokar ta fito fili ta ce lasisi ba haƙƙi ba ne, ana iya hana ka. Ƙari a kan haka, a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi, don haka kafin ka kashe ko sisi sai ka tabbatar da matsayin da ake ciki yanzu daga hedkwatar rundunar jiharka, a rubuce in zai yiwu. Kuma wannan ba abar sakawa a aljihu a shiga kasuwa ba ce.

Ko da a ce ka sami lasisi, kare kai yana da iyaka, kuma iyakar ta fi yadda ake zato ƙunci. Kundin Final Kod, wato dokar laifuffuka ta jihohin Arewa, daga sashe na 59 zuwa gaba, ya amince da shi, har ya kai ga kisa a wasu halaye, kamar tsoron mutuwa ko mummunan rauni ko fyaɗe ko sace mutum. Amma ya ce kada a wuce abin da ya zama dole, kuma babu wannan kariya idan akwai lokacin neman taimakon hukuma. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu, lambobin sassan na iya bambanta. Ka duba shari'ar Sunday Jackson, manomin Adamawa da ya ce an kai masa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace ta, ya kashe maharin da ita. A Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kansa, bisa ganin cewa bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar tsira. An yi ta muhawara kan hukuncin, ɗaya daga cikin alƙalan ma ta saɓa, amma yana nuna yadda kotu take auna 'yan daƙiƙoƙin nan. Yanzu ka saka kanka a ciki: kana da sananniyar rigima da mutum, ka nemi bindiga bayan rigimar, sannan wani abu ya faru. Mai gabatar da ƙara zai ce shiri ka yi, kuma lauyanka zai sha wahala kafin ya kawar da wannan daga ran alƙali.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ka haɗa matsala biyu ka nema musu magani ɗaya. Ta abokin cinikinka tana da hanya a doka. Kada ka goge saƙo ko ɗaya, kada kuma ka mayar masa da martani mai kama da nasa. Barazana laifi ce a sashe na 396 da 397 na Final Kod, kuma idan ta kisa ce ko ta mummunan rauni hukuncin na iya kai shekara 7. Ko kalmar "za ka gani" ta kai wannan matsayi, ya danganta da sauran abin da ya rubuta da yanayin da ya faɗe ta. Lauya zai rubuta ƙorafi ga DPO ko Kwamishina, kuma majistare na iya sa shi ya ɗauki alkawarin zaman lafiya da mai tsaya masa. Babban mutum da ke ganin yana bin kuɗi, ya san hanyar kotu, bai kamata ya koma tura saƙon tsoratarwa da dare ba.

Duk da haka, ni ba kotu zan fara tura ka ba. Tushen rigimar kuɗi ne, kuma muddin ba a zauna an yi lissafi ba, barazanar za ta iya lafawa ta sake tashi. Shugabannin kasuwa da dattawan layinku sun san ku duka biyu, sun kuma san yadda ake raba jari da riba. Idan wannan bai yiwu ba, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano da ke aiki tun 2009, inda za a iya rubuta yarjejeniya kotu ta amince da ita. Ka je da littafin cinikinku da rasit da shaidar tura kuɗi ta banki. Idan lissafi ya nuna yana binka wani abu, ka biya, a rubuta, shaidu su sa hannu. Shigar da ƙorafin barazana ba ya hana sulhu, sau da yawa ma shi ke sa ɗaya ɓangaren ya zo zaman da natsuwa.

Matsalar hanya kuwa ba ni da amsar da za ta gamsar da kai, domin nauyin hukuma ne. Abin da ke hannunka shi ne rage yawo da tsabar kuɗi, da tafiya cikin ayari da rana, da daina sanar da ranar tafiyarka. Masu gadi na kamfani ma doka ta hana su riƙe bindiga, don haka rakiya da makami sai ta hannun jami'an tsaron gwamnati irin su Sibil Difens, ta hanyar nema a hukumance.

Idan har an riga an kawo maka fistol ɗin, kada ka fita da ita, kada ka ba wani ajiya, kada kuma ka ɗauke ta ka nufi ofishin 'yan sanda kai kaɗai. Ka fara ganin lauya ido da ido a yau, shi zai tsara yadda za a miƙa ta ga hukuma da takarda. Ko hakan ba alkawari ba ne cewa ba za a yi maka tambayoyi ba, amma matsayinka zai fi na wanda aka kama da ita a hanya.