Abin da za ki tarar a atisayen rawar ballroom

'Yar'uwa, kin tambayi yadda atisayen rawar ballroom, wato rawar Turawa ta mace da namiji, yake a jami'arku can Ingila. Galibi babu malamin da zai tsaya yana ƙirga miki taku. Kiɗa kawai ake sakawa, na salon rawa irin su waltz, tango da quickstep, kowa ya maimaita abin da ya koya a aji. Ana zagaya filin saɓanin tafiyar agogo, gwanaye ta gefe, sababbi su matsa tsakiya, in ba haka ba a yi ta karo. Takalmi mai ƙasan roba kuwa ki bar shi gida, yana kama katakon daɓen filin ya murɗe gwiwa. Biyu-biyu ake yi, riƙe da juna, har da musayar abokin rawa. In hakan bai kwanta miki ba, tafi da ƙawarki ku yi tare, babu mai ce muku uffan.