Zoɓo da tsamiya a tukunyar alminiyum: amsa ga Maman Yara

Maman Yara, kin tambaya me ya sa zoɓon da kika jiƙa ya kwana a tukunyar alminiyum ya wayi gari ya yi duhu, yana ɗanɗanon ƙarfe a baki, kuma ko tukunyar ce ta jawo. Ita ce, 'yar uwa, bakinki bai yi miki ƙarya ba.

Alminiyum yana da wata 'yar fata siririya a samansa wadda iska ke yi masa, ido ba ya ganinta. Ita ce ke raba abinci da ƙarfen. Ruwa, shinkafa, tuwo, taliya, duk ba sa taɓa ta. Amma abu mai tsami yana cinye ta a hankali, sai ƙarfen ya fara narkewa cikin abincin. Zoɓo na cikin masu ƙarfin tsami, haka tsamiya, lemon tsami, yakuwa, tumatir musamman na gwangwani, da nono ko kamu da ya kwana. Jan launin zoɓo kuwa da zarar ya haɗu da narkakken alminiyum sai ya juya ya koma ruwan malmo, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi. Ki zuba ruwan ki leƙa cikin tukunyar: daga inda zoɓon ya tsaya zuwa ƙasa za ki ga ta yi fes tana ƙyalli, sama kuwa tana nan da dusashewarta. Wancan ƙyallin ba tsabta ba ce, abin da ya bar jikin tukunyar yana cikin jarkarki.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne daɗewa. Miyar tumatir ta minti 30 ko 40 a juye ta cikin kwano, da wuya a ji wani bambanci. Amma jiƙon awa 8 ko 10, ko barin miya ta kwana a ɗumama ta da safe a tukunya guda, nan ne ɗanɗano ke lalacewa. Gishiri na ƙara wa abin wuta. Shi ne ke yin ƙananan ramukan nan kamar tsinin allura a gindin tukunya, masu farin gari a bakinsu, har wata rana ta fara yoyo. Don haka kada a zuba gishiri cikin ruwan sanyi ya kwanta a ƙasa, a bari ya tafasa tukuna a juya.

Wanda mutane ba sa zargi kuma shi ne kanwa. Ba ta da tsami, kishiyarsa ce ma, amma tana cin alminiyum sosai. Tukunyar da ake yawan dafa wake da kanwa ko kaɗa miyar kuɓewa a ciki, ita ce ke yin baƙi ƙirin, in an shafa da farin tsumma ya fito da toka-toka. Kada a jiƙa kanwa ko ruwan toka a cikinta sam.

Ta fuskar lafiya, ba abin tayar da hankali ba ne ga mai lafiyar ƙoda, domin kaɗan hanji ke tsotsa, ƙoda kuma ta fitar. A 2011 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci ya sa iyakar miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin jiki a mako, wato miligiram 120 ga mai kilo 60. Mai ciwon ƙoda shi ne ya kamata a raba abincinsa mai tsami da irin wannan tukunya gaba ɗaya. Ni abin da ya fi damuna shi ne tukwanen zubi da ake narka tarkacen inji da gwangwanaye a yi. Binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya samu dalma tana fita daga irinsu, tsami kuwa yana ƙara jawo ta. Dalma ba ta ɗanɗano, kuma ƙwaƙwalwar yara take illatawa. Kunun tsamiyar yaro dai kada ya shiga tukunyar zubi.

Ga zoɓonki, ki jiƙa a robar abinci mai murfi, ko kwalba, ko kwano mai fenti wanda bai ɓare ba. In tafasawa za ki yi, tukunyar sitenles ko ta ƙasa marar fenti. In alminiyum kaɗai gare ki, tafasa ruwan zalla a ciki, ki sauke, ki juye a kan zoɓon a wani mazubi da ke jure zafi. Haka tsamiyar kunu.

Tukunyar da ta yi baƙi kuma, a zuba cokali 2 na ruwan lemon tsami cikin kowace lita ta ruwa, a tafasa minti 10, a zubar, a ɗauraye. Sannan a tafasa ruwa zalla sau ɗaya don fatar ta dawo. A daina dirzar cikinta da soson waya ko yashi kullum, domin duk dirza kankare kariyar take yi. Soso mai laushi da sabulu sun isa, a kife ta ta bushe.