Amsa ga Yaron Shagona Kan Mayar da Manhaja da Gem Cikin Katin Memori

Jiya da la'asar, Habu, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka mayar wa ɗalibin nan da ya zo daga Samaru da gem ɗinsa cikin katin memori, alhali wayarsa ta cika har ta daina sauke hoto, kuma shi da bakinsa ya nemi a yi masa hakan, ga kuɗinsa a hannu. Ban amsa maka a lokacin ba saboda shago cike yake da mutane, ni kuwa ba na koya wa yaro aiki a gaban kwastoma. Na zauna na rubuta maka ne domin tambayarka ta fama mini wani tsohon miki, kuma na fi son ka ji labarin daga bakina da ka tsince shi a bakin 'yan kasuwar PZ, waɗanda kowannensu ke ba da shi yadda ya ga dama.

Ba zan ɓata lokaci ina nuna maka inda ake shiga a cikin setin, ko yadda ake zaro tiren sim da allura ba. Wanda ya yi wata takwas yana zama a kan bencina bai iya wannan ba, to, ba wannan ce sana'arsa ba. Abin da ba ka sani ba shi ne maganar nan da kwastomomi suke yi, wai a mayar musu da manhaja kan memori, aiki biyu ne mabambanta, kuma hatsarinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne tsohon salo wanda ya zo da Android 2.2 a shekarar 2010, inda ake taɓa maɓalli ɗaya sai wani ɓangare na manhajar ya koma kan kati. Ka lura da kyau, ɓangare na ce, domin bayanan mai wayar suna nan a cikin waya, kuma wanda ya ƙirƙiri manhajar shi ke da ikon yarda ko hana a motsa ta, shi ya sa za ka ga maɓallin a kan wata manhaja, ka rasa shi a kan wata. Na biyu ya zo da Android 6.0 a shekarar 2015, shi ne a yi wa katin fomat ya zama wani sashe na ma'ajiyar cikin waya. Wannan na biyun shi ne ya ci mini kuɗi ya kuma taɓa mini suna.

A daminar 2017 ne, ranar wata Juma'a, wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a Sabon Gari ya shigo mini da waya mai giga 16, ya ce ɗansa ya cika ta da gem na ƙwallo, shi kuma yana ɗaukar hoton shafukan littafin bashinsa da ita, ga hotunan bikin 'yarsa da aka yi watanni kaɗan kafin nan. Ya ciro kati daga aljihun gaba, an rubuta giga 64 a jikinsa tare da sunan wani babban kamfani, ya ce ƙaninsa ne ya kawo masa tsaraba daga Dubai. Mutum ne mai furfura, da babbar riga, yana magana a natse, ban ga abin da zai sa in tuhume shi ba. Na sa katin, na zaɓi a mai da shi ma'ajiyar ciki, na bar wayar ta kwashe hotuna da manhajoji zuwa kansa. A tsakiyar aikin wayar da kanta ta fito da gargaɗi cewa katin nan ba shi da sauri kuma zai iya sa manhajoji su riƙa tsayawa. Na karanta gargaɗin da idona, amma an kusa shiga huɗuba, ga wasu mutum biyu suna jira, sai na taɓa a ci gaba. Na karɓi naira ɗari biyar kuɗin aikina, muka yi sallama.

Bayan mako uku ya dawo ransa a ɓace. Wayar tana daskarewa, alamun wasu manhajoji sun yi toka-toka ba sa buɗuwa, sababbin hotunan da ya ɗauka kuwa sunansu yana nan amma in an taɓa sai baƙin sikirin. A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni, kuma ina so ka riƙe shi da kyau. Na ɗauka matsalar daga tsarin wayar ce, na tambaye shi ko hotunansa suna kan kati, ya ce suna kai, sai na yi tunanin tunda suna kan kati babu abin da zai same su, na mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne, katin da aka mai da ma'ajiyar ciki a kulle yake da makullin sirri, makullin kuma ba a kan katin yake ba, yana ɓoye ne a cikin wayar. Ranar da aka goge wayar an goge makullin tare da ita, daga nan katin ba ya buɗuwa a wata waya, ba ya buɗuwa a kwamfuta, ba ya ma buɗuwa a wayar da aka haɗa shi da ita tun farko. Da na jona wayar da kwamfuta kafin in goge ta, da na tsira da tsofaffin hotunan, har da na bikin, domin su ne suka fara hawa kan katin kuma lafiyarsu ƙalau a lokacin. Minti ashirin kacal aikin zai ɗauke ni.

Da na ga komai ya tafi, sai na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na sa katin a kwamfuta na auna shi da H2testw, manhajar da ke cika kati da bayanai tun daga farkonsa har ƙarshensa sannan ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta yana nan. Katin da aka rubuta wa giga 64 bai kai giga 8 ba. Jabu ne, an yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara yana gaya wa waya ƙarya game da girmansa, kuma irin wannan kati yana aiki lafiya har sai an wuce ainihin girman nasa, daga nan duk abin da aka zuba masa sai ya ɓace ko ya hau kan wanda ke ciki ya lalata shi. Na juya masa sikirin ɗin kwamfutar na nuna masa. Dattijon nan ya dube ni ido cikin ido ya ce wannan ba katinsa ba ne, nasa na asali ne daga Dubai, ni ne na sauya masa tun ranar Juma'ar nan.

Ya tara mini mutane a ƙofar shago, ya kai ƙarata wurin shugabannin kasuwa, aka yi zama biyu. Ba ni da shaida, domin ban auna katin a gabansa ba, ban rubuta komai a takarda ba, kuma gaskiya ne ni na goge wayar da hannuna. Aka yi sulhu a kan in biya shi naira dubu talatin da biyar, kuɗin da a lokacin na tara domin sayen sabon injin hura zafi na cire ƙananan kayan allon waya. Na biya. Bayan kusan shekara ɗaya, yaron da ke tsare masa shago ya kawo mini tasa wayar gyara, muna hira ya ce ai shi aka aika ya sayo katin nan a wurin wani mai talla a tasha, naira dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma maigidan nasa ya san da haka sarai. Kuɗin ba su ne suka fi ci mini rai ba. Abin da har yau nake jin zafinsa shi ne an kira ni ɓarawo a kasuwar da na fara zama tun ana gyaran wayoyi masu maɓalli, kuma akwai kwastomomin da suka daina zuwa wurina daga wannan rana ba su sake dawowa ba. Na yafe wa mutane da yawa a wannan sana'a, amma wannan dattijo na bar shi da Allah.

Yanzu ka fahimci dalilin da ya sa kati ba ya shiga wayar kowa a shagona sai an auna shi, ko da a cikin kwalinsa aka kawo shi, ko da awon zai ɗauki awa biyu. Ko katin na gaskiya ne, sai ka duba alamar da ke jikinsa. Lamba 10 da ke cikin da'ira tana nuna saurin rubuta babban fayil ne a jere, irin bidiyo, manhaja kuwa ba haka take aiki ba, tana karanta ƙananan abubuwa ne barkatai daga wurare dabam-dabam. Saboda haka aka fito da alamar A1 a shekarar 2016, wadda ke nufin katin zai iya karatu sau 1,500 da rubutu sau 500 a daƙiƙa ɗaya, daga baya aka kawo A2 mai karatu 4,000 da rubutu 2,000. Katin da ba shi da ɗaya daga cikin alamun nan biyu ba na ɗora masa manhaja, kuma ko mai alamar ba ya kamo saurin ma'ajiyar da aka haɗa wayar da ita. Ba a banza Samsung suka cire zaɓin mai da kati ma'ajiyar ciki daga Galaxy S7 a shekarar 2016 ba, sannan a 2021 suka fito da Galaxy S21 babu ramin kati gaba ɗaya. Wayar iPhone kuwa ba ta taɓa samun wannan rami ba tun da aka fara yin ta.

Dangane da ɗalibin jiya, da ka tsaya ka duba wayarsa kafin ka miƙa hannu ka karɓi kuɗi, da ka ga cewa abin da yake so ba zai yiwu yadda yake zato ba. Nauyin manyan gem ba a cikin ita manhajar yake ba, yana cikin fayilolin da take saukewa daga baya ta ajiye a foldoji biyu na Android masu suna data da obb, kuma tun daga Android 11 na shekarar 2020 an toshe wa sauran manhajoji hanyar shiga waɗannan foldoji yadda suka ga dama. Ko ka samu dabarar kwafe su zuwa kati, gem ɗin zai neme su a inda ya ajiye su ne, in bai gan su ba ya sake saukewa, datar yaro ta ƙare a banza. Na san abin da za ka ce, wai ka ga wani a YouTube ya yi rutin ɗin waya, wato ya buɗe tsarinta na ciki da kamfani ya kulle, ya raba kati gida biyu ya yi hakan cikin minti biyar. Wannan ita ce matsalarku yaran yanzu, kuna kallon bidiyon minti biyar ku ɗauka kun gama koyon abin da muka yi shekaru muna ƙona yatsu a kansa, kuma mai bidiyon ba zai zo ya tsaya tare da kai ba ranar da manhajar bankin kwastoma ta ƙi buɗuwa saboda an yi wa wayar rutin. A zamaninmu yaro yakan yi shekara yana kallon hannun maigidansa kafin a bar shi ya kwance waya, ku kuwa tun ba ku iya riƙe abin kwance noti daidai ba kuna maganar buɗe shagonku.

Kafin ka taɓa gem ɗin kowane yaro, ka tabbata ya haɗa shi da asusunsa na Google ko na Facebook, domin wanda yake buga Free Fire ko PUBG a matsayin baƙo, in aka goge bayanan, duk matakin da ya kai da abin da ya saya da kuɗinsa sun tafi, kuma kai zai kama. Bayan haka ka duba abin da ya cika wayar da gaske. A mafi yawan wayoyin da ke zuwa bencina ba gem ba ne, bidiyoyin da ake turowa a zaurukan WhatsApp ne, da fina-finai da karatuttukan da aka karɓa ta Xender aka manta da su. Waɗannan su ne kayan kati, kuma katin a bar shi a matsayin na cirewa da sakawa, wanda in wayar ta faɗa ruwa gobe za a zare shi a sa a wata a ga komai. Ita WhatsApp kanta ba a mayar da ita kan kati, kamfanin ma ya faɗi haka, amma kana iya kwashe tsofaffin bidiyoyinta, muddin ka gaya wa mai wayar cewa ba za su ƙara buɗuwa daga cikin hirar ba, sai ya neme su a kan katin. Ka kuma juya kyamara ta riƙa ajiye sabon hoto a can. Da wannan kaɗai sai ka ga waya ta samu sararin da gem zai zauna a inda aka yi shi ya zauna.

Idan wani ya nace lallai sai an mai da masa kati ma'ajiyar ciki, kuma wayarsa tana da zaɓin, ba kai za ka yi ba, ni za ka kira. Zan auna katin yana tsaye yana kallo, in kwafe abin da ke cikin wayar zuwa kwamfuta, in gaya masa a gaban shaida cewa daga yau katin nan da wayar nan ba sa rabuwa kuma in ɗaya ya mutu abin da ke cikin ɗayan ya bi shi, sannan ya sa hannu a littafin shago. Ɗalibin ya ce zai dawo gobe da hantsi bayan ya fito daga lacca. Ka zo da wuri ka kunna kwamfuta tun akwai wuta, ka karɓi katinsa ka fara awon a gabansa, kuma kada ka goge ko da hoto ɗaya kafin in iso.