Ku Tambaye Mu: Haɗa Sifika da Amfilifaya a Gida

Assalamu alaikum. Na sayi amfilifaya na hannu a kasuwar Sabon Gari. Ina da sifiku huɗu, biyu na gida, biyu kuma na ciro su daga tsohuwar mota na yi musu akwati. Na jona biyu a dama, biyu a hagu. Da na ɗan ƙara murya sai na'urar ta ɗauki zafi ta mutu da kanta, sai ta huce take tashi. Mai shagon ne ya cuce ni?
Wani mai karatu daga Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin ɗora wa mai shago laifi. Wannan mutuwar da take yi kariya ce, na'urar tana ceton kanta ne daga ƙonewa. Kaya ka ɗora mata fiye da ƙarfinta, kuma a nan ma'aunin kayan shi ne om, ba wat ba.

Juya bayan kowace sifika za ka ga an rubuta 4, 6 ko 8, da alamar Ω a gefe. Wannan adadin yana nuna irin turjiyar da sifikar take yi wa wuta. Idan adadin ya yi ƙasa, sifikar tana jan wuta da yawa daga amfilifaya. Ga misali: idan na'ura ta tura bolt 20 cikin sifika mai om 8, amfiya 2.5 za ta ja. Mai om 4 za ta ja amfiya 5. Idan aka sauko om 2, amfiya 10 ke nan, daga transistoci, wato ƙananan sassan cikin amfilifaya masu tura wa sifika wuta, da aka ƙera don su ba da biyu da rabi. Daga nan zafin yake fitowa.

Sifikun gida yawanci om 8 ne ko 6, na mota kuwa kusan duk om 4 ne. Da ka murɗe wayoyinsu wuri ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, om ɗin raguwa yake yi. Lissafin ba wuya: ka ninka adadin biyu, ka raba da jimillarsu. Takwas da takwas suna ba da 4. Huɗu da huɗu suna ba da 2. Naka, takwas da huɗu, 32 ne a raba da 12, wato kimanin om 2.7 a kowane ɓangare. Amfilifayar gida da za ta jure wannan ba ta da yawa.

Yanzu duba bayan na'urar taka, kusa da inda ake ɗaura wayoyin. Masu ƙera ta sukan rubuta iyakarta a wurin. A mai rukuni biyu na ramukan sifika, A da B, za ka iya ganin an ce idan A kaɗai ko B kaɗai za a kunna, om 4 zuwa 16, idan kuma A da B tare ne, om 8 zuwa 16 kowace sifika. Mutane da yawa suna ɗauka cewa ramukan A da na B amfilifaya biyu ne daban. A yawancin na'urori ɗaya ce, a ciki aka haɗe su, saboda haka kunna A da B tare daidai yake da murɗe wayoyin da hannunka.

Shawararmu, ka cire na motar ka bar na gidan su kaɗai, za ka ga zafin ya tafi. Idan lallai sai huɗu, ka nemo wasu biyu masu om 8, ka tabbatar na'urar ta yarda da om 4. Akwai kuma jonin jere, inda waya take fita daga jan amfilifaya zuwa jan sifika ta farko, daga baƙin ta farko zuwa jan ta biyu, daga baƙin ta biyu ta koma baƙin amfilifaya. A wannan tsarin om ɗin haɗuwa yake yi, huɗu da takwas su zama 12, na'urar ta sami sauƙi. Sai dai ƙara tana raguwa, kuma idan sifikun ba iri ɗaya ba ne kowace tana ɓata sautin 'yar'uwarta. Ba ma son wannan hanyar sai dole.

In takardar bayan sifika ta goge, mai gyaran rediyo zai auna maka da mita. Ka sani mitar ba za ta nuna cikakken adadin ba: mai om 8 takan nuna tsakanin 5.5 da 7, mai om 4 kuma wajen 3 zuwa 3.5. Sannan ka bar wa na'urar sarari kamar faɗin tafin hannu a samanta, kada a ɗora mata dikoda ko a rufe ta da ƙyallen ado. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska, a riƙa bushe ta da bulowa bayan an zare filogi.

An rubuta wat 3000 a kwalin na'urata, sifikuna kuma wat 100 ne kowace. Na ji tsoro na canza zuwa ƙaramar amfilifaya mai wat 20, amma duk da haka ƙaramar ƙwayar sama ta ƙone ranar suna. Yaya aka yi?
Wani mai karatu daga Gusau

Allah ya raya abin da aka samu, Malam. Abu biyu ne a tambayarka.

Na farko, wat 3000 ɗin nan, in ka duba da kyau za ka ga PMPO a gefensa. Adadin talla ne, babu wata tsayayyiyar ƙa'idar awo a bayansa. Wanda ake aiki da shi shi ne RMS, ƙarfin da na'ura take iya bayarwa a ɗore. In ba a rubuta shi ba, duba inda wayar wuta take shiga, za ka ga yawan wutar da na'urar take ci daga bango. Wadda take cin wat 80 ba ta da inda za ta samo 3000 ta bayar.

Na biyu shi ne abin da ya kashe tuwitar taka, wato ƙaramar ƙwayar saman, kuma yana ba mutane mamaki. Ƙaramar amfilifaya idan aka murɗa ta har ƙarshe, ƙarfinta yana ƙarewa, sai ta riƙa yanke kan sautin. Kunne yana jin haka a matsayin tsatsa da kaushi, muryar mawaƙi ta zama kamar ana yaga takarda. Wannan gurɓataccen sautin cike yake da ƙara mai tsini, kuma duk tuwita ake tura wa. Ita kuwa kwail ɗinta, wato wayar da aka naɗe a cikinta, siriri ne kamar gashi, 'yan wat kaɗan take ɗauka ko da an rubuta 100 a jikin akwatin. Minti kaɗan ya isa ta gasu. In aka haɗa da murɗa maɓallin bes da na tirebul har ƙarshe, kamar yadda ake yi a taro, abin ya fi sauri.

Ga sifika mai wat 100 RMS, amfilifaya mai wat 60 zuwa 120 a kowane ɓangare ta dace, a kan om ɗin sifikar. Babba da ba a takura mata ba ta fi aminci a kan ƙarama da ake wa dole. Kuma da zarar ka ji sauti ya fara tsatsa, sauke murya nan take.

Wani adadi da ba a cika kula da shi ba shi ne dB da ake rubutawa a takardar sifika, kamar 88 ko 91. Yana nuna ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Bambancin 3 daidai yake da ninka wat sau biyu: mai 91 da wat 25 za ta yi ƙarar mai 88 da wat 50. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka kuwa, sai an ninka wat wajen sau goma. Shi ya sa sifikar falo ba ta isa taron tsakar gida ba, hayar kayan taro ta fi arha a kan gyara.

Wace irin waya zan saya? Ina so in kai sifika guda zuwa ɗaya gefen falo, nisan ya kai mita 12.
Wani mai karatu daga Jos

Wayar tagulla zalla mai silili da yawa, mai kauri 1.5mm², ta isa sifika mai om 8 har zuwa wajen mita 15. In mai om 4 ce, 1.5mm² ta tsaya a mita 8, a naka nisan sai ka ɗauki 2.5mm². Idan a jikin wayar lambar AWG aka buga, 16 tana kusa da 1.3mm², 14 kuma kusa da 2mm². Lambar tana raguwa, wayar tana ƙara kauri. Dalilin duk wannan shi ne ita ma wayar tana da tata turjiyar, ana so kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na om ɗin sifika, kuma zuwa da dawowa ake lissafawa, mita 12 ɗinka mita 24 ne a wurin wuta.

Ka yi hattara da wayar alminiyon da aka shafa wa ruwan tagulla, ta cika kasuwa. Kankare silin da reza a gaban mai shago. In ka ga fari a ciki, ita ce. Tana aiki, amma sai an ƙara kauri, kuma tana saurin karyewa a bakin joni. Waya mai tsadar gaske da ake cewa tana ƙara daɗin sauti kuwa, ajiye kuɗinka.

Wajen ɗaurawa, kashe na'ura tukuna. Fere roba kamar santimita ɗaya, murɗe sililin su zama tamau, ka cusa ka ɗaure. Haska fitilar waya ka duba: sili ɗaya tak da ya tsallaka daga ja ya taɓa baƙi ya isa ya kashe transistocin fita.

Bayan mun yi ƙaura yarona ya sake jona kayan. Komai yana aiki, amma bes ya ɓace, muryar mai labarai kuma kamar tana yawo a ɗaki. In na karkatar da sauti gefe ɗaya sai bes ya dawo.
Wata mai karatu daga Damagaram

Hajiya, kin riga kin gano ciwon da kanki da wannan gwajin na karkatarwa. An juya wayar sifika ɗaya, ja ta tafi wurin baƙi. Ƙwayar sifika gaba da baya take motsi tana tura iska. Idan ɗaya tana turawa a daidai lokacin da ɗayar take ja, sautin ƙasa yana cinye juna a tsakiyar ɗaki. Ba ya lalata komai, daɗin ne kawai yake tafiya.

Yaron ya bi kowace waya daga amfilifaya har sifika. Ko da launin layukan biyu iri ɗaya ne, ɗaya yana da alama: zane, rubutu, ko ɗan tudu da yatsa yake ji. Wannan layin ya zauna a ja a duka bakin biyu. In babu alama ko kaɗan, ya zare wayar daga amfilifaya, ya ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5, ya ɗan taɓa bakin wayoyin biyu a kai da gindin batirin na daƙiƙa ɗaya yana kallon babbar ƙwayar. In ta turo waje, wayar da ta taɓa kan batirin, ɓangaren mai alamar +, ita ce ja. In ta shige ciki, ita ce baƙa. Ya ɗaura mata salatif don gaba. Kada ya yi wannan gwajin a kan tuwita tsirara.

Tunda sabon ɗaki ne, ki duba mazauninsu ma. Nisan da ke tsakanin sifikun biyu ya yi daidai da nisan kowace zuwa kujerar da ake zama, tuwita kuma ta yi daidai da kunnen wanda yake zaune. A janye su daga bango kamar santimita 30 zuwa 50. Kusurwar ɗaki tana ƙara bes, amma irin mai gunji wanda yake danne magana.

Ina da sifika mai filogin wutarta. Zan iya jona ta a ramukan sifika na amfilifaya don ƙara ta ƙaru?
Wani mai karatu daga Kumasi

A'a, Malam, kada ka gwada. Duk sifikar da ake jona wa wuta tana da amfilifayarta a ciki, kuma ƙaramin sauti take jira, wanda bai wuce bolt ɗaya ko biyu ba. Ramukan sifika suna iya tura mata ninkin haka sau goma. Nemi inda aka rubuta Line Out, Pre Out ko Rec Out, ka ɗauka daga nan da waya mai kai ja da fari. Rec Out ba ya bin maɓallin murya, sai ka daidaita daga jikin sifikar.

Haka nan ƙananan sifikun da suke zuwa tare da na'urar sinimar gida, da yawansu om 3 ne, an yi su ne don tasu na'urar kawai. Duba bayansu kafin ka kai su kan wata.

Ɗan'uwana ya aiko min da amfilifaya daga Japan. An ce kada in jona kai tsaye. Gaskiya ne?
Wani mai karatu daga Kaduna

Gaskiya ne, kuma wanda ya gaya maka ya kyauta. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 230. In ka jona kai tsaye, in an yi sa'a fis ne zai tafi, in ba a yi ba har taransifoma da kafasitoci. Karanta takardar bayanta. Wasu suna da ɗan maɓallin zaɓen bolt da ake juyawa da sukudireba, sai ka mayar da shi 220 ko 240 kafin filogi ya taɓa soket. In babu, sai ka sayi taransifomar sauke wuta. Yawancin na kasuwa 110 suke bayarwa, wanda ya ɗan yi wa kayan Japan yawa, saboda haka nemi mai fitar da 100 daidai. Ƙarfinta ya ninka abin da na'urar take ci: in an rubuta wat 200, ɗauki mai 400 ko 500. Ka guji ƙananan na'urorin sauya wuta marasa nauyi da matafiya suke saya don dutsen guga, ba a yi su don kayan sauti ba.

Da an ɗauke wuta, kashe amfilifaya ka zare ta. Kada ka mayar sai janareto ya tashi ya daidaita. Wajen kunnawa ita ce ta ƙarshe, da murya a ƙasa, wajen kashewa kuma ita ce ta farko, don kada ƙarar tashin sauran kayan ta daki sifikun.