Walima a gidan abinci mai bufe: me zan duba kafin in biya kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanwata ta kammala karatu a Jami'ar Bayero, ina so in haɗa mata 'yar walima. Gidanmu a Fagge yake, ba zai ɗauki jama'a ba, shi ya sa nake tunanin kai su gidan abinci mai bufe, inda kowa zai ɗauki faranti ya zuba abin da ransa ke so. Mun kai mu 40, har da iyayenmu, gwaggonninmu biyu, surukaina da yara. Yaya zan zaɓi wurin da ba zan ji kunya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun, ya ba ta aikin yi na alheri.

Kafin ka tambayi kala nawa suke dafawa, fara tunanin mutanen da ka lissafa. Tsarin bufe an yi shi ne don wanda ba ya jin nauyin tashi ya bi layi da faranti a hannu. Samari da 'yan mata ƙawayen mai walima za su ji daɗinsa. Amma Baba ba zai tsaya bayan jikansa yana jiran cokalin zuba shinkafa ba, surukarka kuma ba za ta cika faranti a gaban idonka ba ko da yunwa na cinta. Na sha ganin haka a shekarun da na yi ina girkin taro: an kashe kuɗi mai yawa, yara sun ci sun ture, dattawa sun sha lemo kawai sun ce alhamdulillahi, a ƙoshe suke. Wannan ita ce kunyar da ya kamata ka guda. Saboda haka tambayarka ta farko ga manaja ita ce, za su ba ka ma'aikaci ɗaya ko biyu da za su riƙa kai wa manya abinci har teburinsu? Kuma akwai ɗaki ko lungu da za a keɓe wa iyaye mata su sake, su ci ba a gaban surukai ba? Wurin da ya ce tsarinsa bai yarda da haka ba, bar shi, komai kyansa. Duba matakala ma. Idan zauren a saman bene yake kuma babu na'urar hawa, ka tuna da gwiwar Gwaggo.

Daga nan ka je da kanka ka ci, kada ka dogara da hotunan Instagram. Je a irin ranar da irin lokacin da za ka yi taron, domin wurin da yake tsaf ranar Talata da hantsi yana iya rikicewa ranar Asabar da rana. Idan ka shiga, buɗe murfin manyan farantan ƙarfen nan ka gani ko tururi na tashi, ka leƙa ƙarƙashinsu ko wutar na ci. Wannan ba son iyawa ba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci ya zauna da zafin da ya haura digiri 60, mai sanyi kuma ƙasa da digiri 5, kada kuma a bar shi a fili fiye da awa biyu. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Shinkafa ta fi yaudara, domin akwai ƙwayar cutar da ba ta mutuwa a dahuwa, idan shinkafar ta huce ta daɗe sai ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Haɗin kabeji mai bama da kunun aya su ma ba sa jure zafin Kano, dole su kasance a kan ƙanƙara ko cikin firji. Lura da yadda suke ƙaro abinci: idan sabuwar shinkafa ake juyewa a kan tsohuwa, ta ƙasan tana nan tun safe. Wurin kirki ɗauke farantin yake gaba ɗaya ya kawo wani. Kafin ka fita, shiga banɗaki. Yadda ka same shi, kusan haka kicin ɗin yake.

Yawan kala kuma kada ya ruɗe ka. Kala takwas masu zafi da ake sabuntawa sun fi kala talatin da suka bushe. Ka tabbata dai akwai abincin da manya suka saba: tuwon shinkafa da miyar taushe ko kuka, waina, sinasir, farfesu. Taliya da soyayyar shinkafa na yara ne da samari. Idan akwai mai ciwon suga ko hawan jini, ka faɗa musu tun da wuri su tanadi ganye da kifi marar gishiri da yawa, da abin sha marar sukari.

Sai maganar kuɗi, inda mutane suka fi shan mamaki. Da yawan mutane ake lissafin bufe, kuma farashin da aka faɗa maka a waya sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Manyan wurare suna ɗora harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun shekarar 2020, wasu kuma su ƙara kuɗin hidima, galibi kashi 10. Mu ɗauka misali an ce maka naira 15,000 kowane kai. Mutum 40 sun zama 600,000, haraji 45,000, hidima 60,000, ka ga an tashi 705,000, ba a ma zo kan ruwa da lemo ba, waɗanda a wurare da yawa daban ake biyansu. Ka sa a rubuta maka jimilla a takarda, da abin da ke ciki da wanda babu. Tambayi kuɗin yara, domin wasu rabi suke karɓa, kuma su faɗa maka daga shekara nawa zuwa nawa.

Kuma ka san halinmu: wanda ka gayyata shi kaɗai zai zo da ƙaninsa, Gwaggo za ta taho da 'yar riƙonta, ga 'yan gayyar soɗi. Idan ka ce 40, shirya wa 48 ko 50 a zuciyarka. Ku yi yarjejeniya cewa za ka biya mafi ƙarancin adadi, abin da ya ƙaru a lissafa a kan farashi ɗaya, sannan ka tsayar da wani ɗan'uwa da ya san dangi a bakin ƙofa yana ƙirga tare da ma'aikacinsu. Kai mai masauki ne, ba za ka iya ba.

Lokaci kuwa, bayan Azahar zuwa La'asar ya fi dacewa, ko bayan La'asar a tashi kafin Magariba. Ko wanne ka zaɓa, ga wurin sallah da na alwala da idonka, na maza da na mata. Idan otal ne, a Nasarawa ko Bompai, tambaya ko akwai mashaya kusa da zauren, ka kuma roƙi a rage kiɗa. Tambayi janareta, domin zaure mai mutum 50 babu sanyi a watan Afrilu ba wurin zama ba ne.

Abu ɗaya da bufe ba ya yi shi ne ƙunshin tafiya gida. Ƙa'idarsu a ci a nan, ba a fita da komai, mu kuwa Hajiya ba za ta ji daɗi ta koma hannu rabbana ba, alhali ta bar maƙwabta da masu tsaron gida. Kada ka bari sai an fara zaro leda daga jaka ma'aikaci ya hana, ran kowa ya ɓaci. Biya kuɗin robobi 10 ko 15 na shinkafa da kaza daban tun ranar da za ka ba da kafin alƙalami, ranar walimar a ajiye su da zafinsu, a miƙa wa iyaye mata a mota lokacin tafiya.